Yadda Muka Hutar da Inna

Da sunan Allah nake farawa. Shi ya ba mu Inna, shi kuma ya karɓi abinsa. Yau kwana hamsin da uku da rasuwarta, sai yanzu na iya zama na riƙe biro. Karatuna bai wuce aji biyu na kwaleji ba, wanda ya ga kuskure ya yi mini haƙuri. Na rubuta ne saboda matan da ke zaune da uwayen mazajensu, kamar yadda na zauna da tawa shekara takwas a wani ƙauye kusa da Kanan Bakashe.

Inna uwar maigidana ce. Ba na iya faɗin sunanta ko a takarda. Ita ma ba ta taɓa kiran nawa ba. "Ta Atantane" take ce mini, don daga can aka kawo ni.

Na same ta mace mai ƙarfi. Ba ƙiba gare ta ba, jiki ne a murɗe. Ita ke matsar man gyaɗa ta soya ƙuli-ƙuli, ranar kasuwa ta ɗora kwando a ka ta tafi Kanan Bakashe da ƙafa, ta dawo kafin la'asar. Tana da gamana, 'yar gonarta ta kanta, inda take shuka wake da kuɓewa. Rijiyarmu mai zurfi ce, mata biyu ke haɗuwa su ja guga ɗaya. Inna ita kaɗai take ja.

Ranar da na cika kwana bakwai a ɗaki na fito da safe na tarar da ita tana daka. Na je na durƙusa, na gaishe ta, na kama taɓarya. Ba ta saki ba.

"Bar ni, ɗiyar nan. Ban gaji ba."

Yaya Rabi, babbar yayar maigidana, tana nan ba ta koma gidanta ba tun biki. Ta yi dariya ta ce, "Inna, saki mana. Kin yi suruka, mi ya rage tsakaninki da turmi? So kike a ce ɗanki ya kawo mace ta zo kallo?"

Inna ta saki. Wata tsohuwa ta rangaɗa guɗa. Na ji daɗi ranar, ba zan ɓoye ba. Abin da uwata ta hore ni da shi ke nan kafin a kawo ni: kada a taɓa shiga gidanku a ga uwar mijinki da aiki a hannu kina raye.

Daga turmi sai rijiya. Daga rijiya sai gamana, maigidana ya haɗa ta da gandu ya ce 'yan ƙwadago za su riƙa nomewa. Kasuwa ce ta ƙarshe. A kanta Inna ta yi gardama har wata biyu. Maigidana hatsi yake saye da sayarwa, yana da rumfa a kasuwar. Ya ce mata, "Inna, ina zaune inuwa ina awo, ke kina cikin rana da kwandon ƙuli. Mutane su ce mi?" Ta ce ita ba ta ji mutane sun ce komai ba. Ya ce shi yana ji. Ta bari.

Muka saya mata tabarmar roba da matashi, muka shimfiɗa ƙarƙashin dogon yaron tsakar gida. Nan ta koma zama, tun hantsi har magariba.

Tana da ƙawa, Tsahara, wadda ta girme ta da shekara biyu ko uku. Tsahara ba ta da ɗa namiji, saboda haka ba wanda ya karɓe mata komai. Kowa tausayinta yake ji. Takan biyo ta gidanmu da itace a ka, ta tsaya bakin zaure ta ce, "Ranki ya daɗe, sarauniyar tabarma! An tashi lahiya, ko ba a tashi ba?"

Inna ta ce, "Wuce, jakar gari. Hassada za ta kashe ki."

Su yi dariya su biyu, Tsahara ta sauke itacen ta sha ruwa ta wuce.

Abinci ma mun ɗauka gata muke mata. Haƙoranta na ciki sun zube, sai muka koma ba ta koko da safe, fura da rana, shayi da sukari da burodi duk lokacin da maigidana ya dawo kasuwa. In an sa mata tsoka a kwano sai ta kira jikoki ta raba musu, ta tsotsi ƙashi. Haka tsofaffi ke yi, ba wanda ya ga aibu.

Ba zan iya cewa ga ranar da abin ya fara ba. Awarwaronta na azurfa, wanda da yake tsayawa a tsakiyar hannu, ya koma zamewa har gwiwar hannu in ta ɗaga. Zane ya riƙa yi mata yawa. Buta cike da ruwa sai ta sa hannu biyu. In ta yi sujada sai ta dafa bango kafin ta miƙe. Bara waccan ta fara cewa in ta tafi gidan Tsahara naman bayan ƙwaurinta na hagu yana ɗaurewa kamar an matse shi da igiya, sai ta jingina da katangar masallaci ta huta, ya sake ta, ta ci gaba. Muka ce to ga magani nan a fili: tafiya ke kawo ciwon, hutu ke kore shi. Muka hana ta zuwa gidan Tsahara.

Bayan an gama ɗaurin hatsi bana, wata Talata, ta tashi daga sallar azahar ƙafafu suka ƙi ɗaukarta. Ta zube a gefen gado. Ba ta karye ba, amma ta kasa tashi sai da na ɗaga ta. A nan na tsorata. Na sa ƙarfi kamar zan ɗaga babban mutum, sai na ji ta taso mini kamar kwandon da ba komai a ciki.

Satin farko muka ɗora ta a amalanke zuwa ƙaramin asibitin da ke kusa da mu. Manjo, wato babban ma'aikacin jinya na wurin, ya auna tansiyo, wato ƙarfin bugun jini, ya ce ta ɗan hau. Ya ba da ƙwayoyi. Allah ya saka masa, bai riƙe mu ba. Ya ce, "Wannan ramar ba ta yi mini ba. Ku kai ta inda akwai likita."

Sati na biyu ya tafi a shawarwarin dangi. Wani ya ce ciwon shawara ne, a jiƙa mata saiwa. Wata ta ce sanyin ƙashi ne, a shafa man shanu. Liman ya aiko da rubutu. Mafi yawa suka ce tsufa ne, tsufa kuwa ba a kai shi asibiti. Duk mun yi abin da aka ce, ban da na ƙarshen.

Sati na uku muka shiga mota zuwa asibitin Tasawa, ni da ita da maigidana. Ranar farko tun safe muke kan benci har aka tashi aiki ba a kira mu ba. Inna ba ta da naman zama, bencin katako yana cin ƙashinta, sai na naɗe mayafina na sa mata. Muka kwana gidan wani ɗan'uwansu. Washegari wajen azahar aka kira mu. Maigidana ya tsaya waje, don ba ya iya ganin an buɗe jikin uwarsa.

Likitan yaro ne, ba zai wuce sa'an maigidana ba. Ya miƙa mata hannu ya ce, "Inna, matse hannuna. Da ƙarfi, kamar kina matsar mai."

Ta ce, "Wa ya gaya maka sana'ata?"

Ya ce, "Hannun ne ya gaya mini. Matsa."

Ta matsa har fuskarta ta yamutse. Ya ce, "Kin fara?" Ta ce, "Na gama."

Ya sa ta rungume hannuwa a ƙirji ta tashi daga kujera sau biyar. Ko sau ɗaya ba ta iya ba. Ya ɗauko awo irin na tela ya zagaya bayan ƙwaurinta. Ya ɗora yatsu a bayan ƙafarta ya daɗe yana lalube, ya koma ta dama, ya dawo ta hagu. Ya auna tansiyo a hannu, ya sake aunawa a idon sawu. Sannan ya tura mu a yi mata eko, hoton da ake ɗauka da na'ura a jikin fata, a wuya da ƙafa. Wannan ya ci mana wasu kwana biyu da buhun wake ɗaya.

Da muka dawo da takardun ya duba, ya ce da ni, "Madam, tun yaushe ta daina aiki?"

Na gyara zama na ce, "Shekara takwas, likita. Tun da na zo gidan ba ta sake taɓa komai ba." Da alfahari na faɗa. Ina jira ya ce Allah ya yi mini albarka.

Ya ajiye biro. Bai yi mini faɗa ba. Da ma ya yi.

Ga abin da ya ce, yadda na riƙe shi. Abu biyu ne ke damunta, amma tare suke tafiya. Naman jikinta ya zube, hanyoyin jininta kuma sun fara tauri suna ƙanƙancewa. Ya ce su in sun ga ɗaya a jikin tsoho sukan nemi ɗayan, don sau da yawa yana nan a ɓoye tun mutum bai fara jin komai ba. Ya ce, "Wanda ya fara a cikinsu, ba zan rantse miki ba. Amma naman da ba ya aiki yana narkewa, jini ya rage gudu a cikinsa. Hanyar jini kuma in ta ƙuntata, naman ba ya samun abinci, sai ya ƙara narkewa. Kowanne yana jan ɗan'uwansa ƙasa." Ya rubuta wata kalma a karnenta, wato ɗan littafin asibiti, na karanta daga baya: sarkofeni, sunan zubewar naman. Ita kaɗai na riƙe cikin kalmominsu.

Ya ce ƙuncin hanyar jini na wuya bai yi nisa ba. Na ƙafar hagu ya fi, amma har yanzu akwai abin yi. Ƙwayoyi kullum. A rage gishiri da sukari. Wake, ƙwai, nono, nama a daka mata. Sannan tafiya: ta yi ta tafiya har ciwon ya zo, ta huta, ta sake tashi, safe da yamma. A ba ta ƙaramin aiki na hannu.

Inna ta ce, "Yaro, sake faɗin na ƙarshen da ƙarhi. Akwai wani a bakin ƙofa da nake so ya ji."

Sati na huɗu muka fara. Daga gindin dogon yaro zuwa zaure, tana riƙe da kafaɗata. Taku ashirin ne, sau biyu muke tsayawa. Ciwon yana sa ta hawaye, ba ta ce a bari ba. Ƙwai kuwa sai ta ɓoye a gefen zane don jikoki, dole na koma zama a gabanta har ta cinye. Wanda ya san kunyar da ke tsakanin suruka da uwar miji ya san nauyin wannan. Takan ce, "Ta Atantane, kin zama jandarma." In ce, "Saura loma biyu, Inna."

Sati na biyar muka kai katangar masallaci. Sati na shida muka kai gidan Tsahara. Tsahara ta fito ta dafe ƙirji ta ce, "La ilaha! Tabarma ta yi ƙahwa!" Inna ta zauna bakin turminta tana haki ta ce, "Na zo in ga ko kin mutu ne ba a gaya mini ba." A satin nan ta tashi daga bakin gado da kanta, sau ɗaya, ba ta dafa komai ba. Ta kira ni in zo in gani, da na zo ta kasa maimaitawa. Amma na yarda ta yi.

A lokacin magana ta riga ta zagaya gari. A rijiya in na iso sai a yi shiru. Wata ta gaya mini abin da ake cewa: Ta Atantane ta gaji da jinya, tana jan tsohuwa cikin gari tana kuka don ta ƙarasa ta. Wasu suka ce na tsare ta da abinci kamar mai kiwon rago.

Sati na bakwai Yaya Rabi ta zo daga Isawan inda take aure. Ba ta aiko ba. Ta shigo da ƙwaryar nono a ka, ta tarar da Inna zaune kan kujera da ƙaramin turmi tsakanin ƙafafu tana dakan barkono, zufa na zuba, ni kuma ina gefe a zaune ina tsintar wake.

Ta sauke ƙwaryar a hankali. Ta je ta zare taɓaryar daga hannun Inna.

"Ashe gaskiya ne."

Na ce, "Yaya, likita ne ya ce..."

"Likita ya ce ki zauna uwata ta yi miki daka? Uwarki na can Atantane, ita ma daka take wa matar ƙanenki?"

"Yaya, ga karne, ki bari in karanta miki."

"Riƙe bokonki. Ni ido gare ni. Dubi hannunta yadda yake rawa. Dubi abin da ya rage na matar da ta goya mu." Sai ta fashe da kuka, ta durƙusa tana share wa Inna zufa da mayafinta.

Ba na so wanda ya karanta wannan ya zagi Yaya Rabi. Son uwarta ne ya sa. Daga ranar ba ta koma gidanta ba, ita ke wanki, ita ke kwana a ɗakin. Abin da ta gani da idonta, ko ni na shiga gidan wani na gani, haka zan ce.

Da maigidana ya dawo kasuwa ta tare shi a zaure. Kawunsu ma ya zo. Bayan la'asar maigidana ya kira ni ya ce a ci gaba da ƙwayoyi da abinci, amma tafiya da daka a dakata har ta yi ƙarfi.

Na ce, "Likita ya ce tafiyar ce za ta kawo ƙarfin. Kana bakin ƙofa, ka ji."

Ya ce, "Na ji. Amma likita ba a garin nan yake zaune ba. Mu ke zaune."

Na shiga wurin Inna ina sa ran za ta yi gardama kamar yadda ta yi kan kasuwa. Ba ta yi ba. Sai ta ce, "Bar shi, ɗiyar nan. Kada a ɓata miki suna saboda ƙahwata. Ke za ki daɗe a garin nan, ba ni ba."

A nan ne laifina yake, kuma shi ne ya fi hana ni sukuni. Da ta faɗi haka sai na ji sauƙi a raina. Na gaji da shirun rijiya. Na ce to, Inna. Ban sake tayar da maganar ba.

Sati biyu kawai ta yi a kwance, abin da muka tara a sati uku ya tafi, har da ƙari. Sanyi ya shigo. Ƙafar hagu ta koma kamar ƙarfe, ko an lulluɓe ta da bargo biyu. Wata safiya na ɗebo garwashi a kasko na ajiye kusa da ƙafafunta kamar yadda ake wa kowane tsoho, na tafi ɗora koko. Da na dawo babban yatsanta yana jingine da bakin kaskon. Fatar ta tashi. Ita kuwa tana ta ba jikanta labari, ba ta ji komai ba. Likitan Tasawa, duk alherinsa, bai gaya mana a nisanta ƙafar da wuta ba. Ko ya faɗa cikin Faransancin da ya riƙa sakawa ban kama ba, Allah ne ya sani.

Ƙunar ba ta fi ƙwayar gyaɗa ba. Manjo ya wanke ya ɗaure, bayan kwana uku ya sake. Sati na goma yatsan ya yi baƙi. Sati na goma sha ɗaya na kusa da shi ya bi, ɗakin ya fara wari, Yaya Rabi ta riƙa turare don kada masu gaisuwa su ji. Manjo ya ce Maraɗi, yau ba gobe ba.

Muka sayar da tunkiyar da Inna ta saya da kuɗin ƙuli tun tana kasuwa, da 'ya'yanta biyu. Asibitin da aka kai mu a Maraɗi ba zan faɗi sunansa ba, don na ga alheri a ciki na kuma ga akasinsa. Kwana biyu tana kwance a baranda kafin gado ya samu. Kowace safiya sabuwar takardar magani, maigidana ya fita ya dawo da leda. Akwai wata ma'aikaciya da ta daka mana tsawa a gaban mutane, ta ce mu 'yan ƙauye sai mutum ya ruɓe muke kawo shi. Akwai wata kuma, doguwa, mai kawo mana ruwan zafi daga ɗakinsu, tana kiran Inna "kakata". Allah ya ba kowa ladan aikinsa.

Suka cire yatsu biyu. Wurin ya ƙi haɗewa, don jini ba ya isa. Bayan kwana tara babban likitan ya kira maigidana da Yaya Rabi da ni. Ya ce abin da ya rage shi ne a yanke ƙafar, amma zuciyarta ma ba lafiya, hanyoyin jininta irin na ƙafar ne. Ya ce, "Ko ta farka daga aikin, ba ta da naman da za ta tashi da shi. Da tana da jiki, da ban yi shakka ba." Yaya Rabi ta tambaye shi ko akwai allurar da ke mayar da nama, ko nawa ce. Ya ce babu. Ya ce nama ba a saye, aiki da abinci ke gina shi, a hankali, kuma da lokaci.

Ba wanda ya dubi wani a cikinmu.

Inna ce ta yanke maganar. Ta ce a mai da ita gida, tana so ta ji kiran sallar masallacinmu. Maigidana ya sa hannu a takarda.

Kwana goma sha ɗaya ta yi a gida. Ranar Juma'a da la'asar ta ce a yi mata taimama, muka yi. Sai ta ce, "Ku tayar da ni. Ina so in yi wannan a tsaye."

Yaya Rabi ta ce, "Inna, Allah ya yarda ki yi a kwance."

"Na sani. Ni ce ban yarda ba."

Muka kama ta, ni ta hagu, Yaya Rabi ta dama. Muka miƙar da ita. Ta sa ƙafar dama a ƙasa, ta ɗaga hannu za ta yi kabbara, gwiwar ta lanƙwashe. Muka sake ɗagawa. Ta sake gwadawa, haƙoranta a cije, jikinta duka yana karkarwa. Sau uku. A na ukun ta saki nauyinta a hannunmu, ta yi wata 'yar dariya.

"To, ku zaunar da ni. Wannan kam kun iya shi."

Ba da zafi ta faɗa ba. Irin muryar da take tsokanar Tsahara ce. Muka zaunar da ita. Yaya Rabi ta fita bayan ɗaki, na ji tana kuka. Ni na tsaya na riƙe mata baya har ta yi sallama.

Asabar da safe bakinta ya karkace, magana ta ɗauke. Lahadi da hantsi Allah ya karɓi ranta. Tsahara ce ta yi mata wanka. Da kanta ta jawo ruwan daga rijiya, ta ƙi kowa ya taya ta.

Ban ce da mun ci gaba da tafiyar nan Inna za ta rayu ba. Likita bai yi mana wannan alkawari ba, kwana kuma in ya ƙare ya ƙare. Abin da na sani shi ne da idona na ga ta kai gidan Tsahara da ƙafarta, kuma da bakina na ce to aka daina. In kin ga hannun tsohuwarku yana sirancewa, tana dafa bango kafin ta tashi, tana tsayawa a hanya don ƙafa ta ɗaure, kada ki ce tsufa ne kawai. A duba hanyoyin jininta tun ba ta kwanta ba. Ki rage mata aiki mai nauyi, amma kada ki karɓe duka. Na faɗa wa mata biyu wannan a rijiya. Ɗaya ta ce baƙin ciki ne ya taɓa ni. Ɗayar ta ce ita ba za ta iya ba, mijinta ba zai yarda ba, kuma na san gaskiya ta faɗa.

Ranar sadakar bakwai gidan ya cika da mata. Waɗanda suka yi shiru a rijiya duk sun zo, sun manta da maganar, ko sun yafe mini. Wata dattijuwa daga dangin maigidana ta sa aka kira ni tsakiyar taro. Ta kama hannuna ta ɗaga, ta ce wa 'yan matan da ke wurin su dube ni da kyau. Ta ce tun da take ba ta ga surukar da ta ji ƙan uwar miji kamata ba, na same ta cikin wahala na zaunar da ita a inuwa har ƙarshen ranta.

Sannan ta ce, "Allah ya ba ki mai yi miki yadda kika yi mata."

Mata duka suka amsa. Suka juyo suna jirana.

Na ce amin.